Karen Gadin da Bai San 'Yan Gidansa Ba

Duk wanda ya bi ta Lamido Crescent ko Sultan Road ko Alu Avenue da rana tsaka zai ga ƙofofi da dama ɗauke da allon gargaɗi cewa akwai kare a ciki, amma da wuya ya ji haushinsa. Karen yana can baya, tsakanin ɗakin janareta da ɗakin maigadi, cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano, kwance a kan simintin da ya ɗau zafi tun da hantsi. A gabansa akwai tsohuwar roba da ragowar tuwon jiya ya bushe a cikinta, ruwan shansa ya yi ɗumi, kaska ta yi layi a bayan kunnensa. Sai an yi sallar isha'i, an kulle ƙofa, yara sun shige ciki, sannan maigadi ya zare sakata ya sake shi, kafin kiran assalatu kuma a mayar da shi. Alhajin da ya biya maƙudan kuɗi aka kawo shi bai taɓa kiran sunansa ba, Hajiya ba ta son ko ganinsa, yara kuwa ta taga suke leƙensa. Haka ake riƙon kare a gidaje da yawa na Nasarawa GRA da ke Kano, kuma riƙo ne mai haɗari. Karen da bai shaƙu da mutanen gidan da yake tsaro ba, gadinsa ragagge ne, kuma shi ne ya fi kusa da cizon ɗan gida.

Bahaushe ba baƙon kare ba ne. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 su kafa mazauninsu a Nasarawa, gabas da ganuwa, mafarauta suna da karnukansu, makiyaya suna da nasu, manoma ma haka. Mafarauci yana raɗa wa karensa suna, shi yake ba shi abinci da hannunsa, ya san takunsa, ya san bambancin haushin zomo da na abin tsoro, shi ya sa ake cewa ba a kiwon kare ranar farauta. Buzayen Azawak, a iyakar Nijar da Mali, suna da dogon karensu da ke tashi tare da yaran zango yana tsare dabbobi da mutane. Abin da yake sabo a unguwanni irin su Nasarawa da Bompai shi ne karen da ake saya kamar yadda ake sayen kyamarar tsaro, a kafa shi a kusurwa a jira ya yi aiki. An ɗauko manyan karnukan ƙetare, irin Jaman Shefad da jama'a ke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Bobul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan, amma ba a ɗauko kulawar da masu su ke ba su a can ba, kuma an yar da ilimin da mafaraucin ƙauye ya gada a nan. Dabbar ta faɗa tsakanin al'adu biyu, babu wadda ta rungume ta.

Halittar kare ba ta yarda da wannan zama ba. Masu bincike sun yi ittifaƙi cewa shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya fara kiwo, shekaru aƙalla dubu 15 da suka wuce, kafin akuya da saniya. A Bon-Obakasel ta ƙasar Jamus an tono wani kabari mai kimanin shekaru dubu 14 inda aka binne mutum biyu tare da ɗan kare, haƙoransa kuma sun nuna ya sha doguwar jinya wadda ba zai rayu ya kai inda ya kai ba sai da kulawar mutane. A 2015 masana daga Jami'ar Azabu ta Japan suka wallafa a mujallar Science cewa idan kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin yana ƙaruwa a jikin su biyun, wato sinadarin da ke ƙulla uwa da jaririnta, kuma ba su ga haka ba a kyarkecin da mutane suka raina. Ma'anar wannan ga mai gida a Kano a fili take. Kare yana neman wanda zai manne wa, in ya samu sai ya natsu ya koyi abin da ake so da shi, in bai samu ba sai ya zauna cikin fargaba, dabbar da ke cikin fargaba kuwa haƙori ne amsarta. Akwai kuma lokacin da ƙofar sabo take buɗe. Binciken da Scott da Fuller suka shafe shekaru suna yi a Ba Habo ta Amurka, wanda suka fitar a 1965, ya nuna cewa daga kimanin mako 3 zuwa mako 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon waye nasa. Wanda ya wuce wannan zango a keji, bai ga yaro ba, bai ga mace da mayafi ba, bai ji ƙarar babur ba, zai girma yana ɗaukar duk waɗannan a matsayin barazana.

A nan ne masu gida ke kawo hujjarsu ta farko, wadda masu sayar da karnuka ke ƙara hura mata wuta. Sukan ce in kare ya saba da mutane zai lalace, ya zama rago, gara a ɓoye shi ya yi zafi. Gaskiya ne kullewa tana sa kare zafi, sai dai zafi daban, gadi daban. Amfanin karen gadi yana cikin iya rarrabewa, ya san wannan takun na ɗan gida ne da ya dawo daga karatun dare, wancan kuwa na wanda ya diro ta katanga ne. Karen da mutum ɗaya tak ya sani a duniya, kowa baƙo ne a wurinsa, har da maigidan. Wani bincike da aka yi a birnin Denba ta Amurka, aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 1994, ya kwatanta karnukan da suka ciji mutane da waɗanda ba su ciji ba, ya gano cewa zama ɗaure da sarƙa a tsakar gida ya fi yawa a cikin masu cizon, kusan ninki 3, haka nan maza da waɗanda ba a dandaƙe ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, dabbar da ba ta da hanyar gudu sai ta yi faɗa. Karnukan 'yan sanda da na soja, waɗanda ake kafa misali da su, ba a keɓe suke rayuwa ba, kullum suna tare da jami'in da ke riƙe da su, biyayyarsu kuma daga wannan shaƙuwa take fitowa. Sai a ƙara da wani abu da mutane ba sa son tunawa. Idan maigadi kaɗai kare ke saurara, to tsaron gidan yana hannun mutum ɗaya. Wannan ba zargi ba ne ga masu gadi, waɗanda akasarinsu an ɗora musu aikin da ba a koya musu ba kuma ba a ƙara musu ko sisi a kai ba. Amma maigadi yakan tafi garinsu hutun Sallah, yakan yi rashin lafiya, yakan bar aiki. Ranar da ya tafi, sai a wayi gari da dabba mai kilo 50 a bayan gida da babu mai iya buɗe mata keji, ana jefa mata abinci daga nesa. Karen da ake barinsa da yunwa don ya yi zafi kuwa shi ne mafi sauƙin kashewa, domin duk wanda ya wurgo masa nama mai guba ta saman katanga zai karɓa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta da girmamawa, domin ta addini ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, kuma ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Babu Musulmin da zai yi wasa da waɗannan. Amma abin da suke hanawa shi ne ajiye kare don ado da wasa, da shigar da shi inda ake kwana da sallah, ba su ba da izinin azabtar da wanda aka ajiye don buƙata ba. Game da gadin gida malamai sun yi saɓani, Imamun Nawawi ya rinjayar da halasci bisa kiyasi da nau'o'in da hadisi ya ambata. A cikin Malikiyya akwai labarin da masu sharhin Risala suka kawo game da marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira. Katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro sai ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Kuma mazhabar da mafi yawan Kanawa suka tashi a kanta ta ɗauki duk mai rai a matsayin mai tsarki, har da kare da yawunsa, tana kallon wanke ƙwaryar da ya yi lallage a ciki sau 7 a matsayin bin umarni, ba don najasa ba, saɓanin Shafi'iyya da suka tsananta. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da ra'ayin tsanantawa yana da hujjarsa, ya wanke hannu da tufa, ya nemi fatawar malamin da ya amince da shi. Abin da babu mazhabar da ta yarda da shi shi ne a tsare dabba a hana ta haƙƙinta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, haka nan na mutumin da aka gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da takalminsa. Wanda ya ga ajiye kare bai halatta gare shi ba, kada ya ajiye, ya huta. Wanda ya ajiye kuwa ya ɗauki amana, kuma ƙyamar da yake ji ba ta sauke masa ita.

Saboda haka shaƙuwar da ake nufi ba ta kwana da kare a gado ko rungumarsa a falo ba ce. Kare ya zauna a waje, a tsakar gida, yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, kuma kare yana koyon iyaka da sauri in kowa ya tsaya a kan magana ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne kowane ɗan gida ya zama sananne a wurinsa. Maigida ya riƙa ba shi abinci da kansa ko da sau ɗaya a rana, ya kira sunansa, ya zagaya da shi cikin gida da igiya a wuya da sassafe ko bayan la'asar. Uwargida da ba ta son taɓa shi ba dole ba ne ta taɓa, ya ishe ta tsaya kusa ana riƙe da shi, ya ji muryarta da ƙamshinta har ya daina ɗaga kunne in ta wuce. Masu aikin gida, direba, mai shara, mai ban ruwan fulawa, duk a gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. A koya masa kalmomi kaɗan, zo, zauna, bari, da Hausa, domin kare ba ya jin Turanci fiye da Hausa, sautin da aka maimaita masa yake riƙewa, kuma gara harshen da kowa a gidan zai iya furtawa cikin firgici. Lada da ɗan guntun nama ya fi dorina koyarwa, duka kuwa tsoron hannu yake haifarwa, karen da ke tsoron hannu shi ke cizon yaron da ya miƙo nasa. Su yaran a koya musu kada su kusance shi yana ci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya, kada su ruga a gabansa suna ihu, kada su kusanci karya mai shayarwa. Ƙaramin yaro ba a barinsa shi kaɗai da babban kare, komai sabonsu.

Wanda bai riga ya saya ba ya yi tunanin yanayin Kano kafin ya yi tunanin girman kai da faɗin ƙirji. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Kokeshiyan, da aka halitta da gashin duwatsun ƙanƙara, wahala yake sha a nan, kejin kwano a bazara yana iya kashe shi cikin yini guda. Karen gida na ƙasar nan, wanda ake rainawa, ya fi jure zafi da kaska, cinsa kaɗan, kunnensa a buɗe, kuma mafi yawan abin da gida ke buƙata ƙararrawa ce mai rai da za ta tashi mutane, ba dabbar da za ta yaga mutum ba. A gina masa ɗaki a inuwa, ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro in akwai, mai iska ta ɓangare biyu, da ruwa mai sanyi da ba ya yankewa. Ragowar abinci ba laifi ba ce in an tace, amma albasa da tafarnuwa masu yawa suna lalata masa jini, cakulan da goro da inabi guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. Kada kuma a wanke shi da fiya-fiya don kashe kaska, yana shiga ta fata ya kashe shi, ya kuma cutar da mai wankan. Likitan dabbobi yana da maganin kaska da na tsutsar ciki da suka dace da nauyinsa.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan girma, wato ciwon haukar kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum dubu 59 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, tsoron ruwa da ruɗewa da dalalar yawu, kusan babu mai tsira. Abin takaici shi ne rigakafinsa ya daɗe, tun 1885 Luwi Fasto ya ceci wani yaro da shi a Faransa, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin na karnuka. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana da wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, ban da jerin allurai na wasu cututtuka da ake farawa tun yana mako 6 zuwa 8. Doguwar katanga ba ta wadatar. Nasarawa tana maƙwabtaka da Badawa da Giginyu da Tarauni, karnukan da ba su da mai su suna ratsa tituna da dare, karen gida yakan fice in an buɗe wa mota ƙofa, yakan yi faɗa ta ƙarƙashin ƙofar. Nan ma shaƙuwa ce ke yin aiki, domin karen da babu mai iya riƙe shi ba ya samun allura, kuma gidan da bai san halin karensa ba ba zai lura ranar da halin ya sauya ba, ya daina ci, ya riƙa cizon iska, ko mai zafi ya yi laushi haka kawai. A adana katin allurar kamar yadda ake adana na yara, domin shi za a fara nema ranar da aka yi cizo.

In kuwa an yi cizon, ko yakushi ne, ko lasar wurin da fata ta buɗe, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15 cur, a duba agogo, domin minti 15 a bakin famfo ya fi tsawo fiye da yadda mutum ke zato. Kada a sa toka ko barkono ko fetur, kada a ɗaure da tsumma. A tafi asibiti a ranar, ko na Nasarawa da ke cikin unguwar, ko na Murtala, ko na Malam Aminu Kano, a faɗi cewa cizon kare ne, a nemi allurar haukar kare takamaimai, domin allurar tetanus ba ta maye gurbinta. Ana yin ta ne a jere cikin kwanaki, kuma dole a kammala. Kada ƙaramin rauni ya ruɗi kowa, cutar takan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara, kuma cizon fuska da wuya da yatsu ya fi saurin kaiwa ƙwaƙwalwa. Shi karen kada a yi gaggawar kashe shi a jefar, a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin idon likitan dabbobi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara yi wa mutum allura. In wanda aka ciza almajiri ne da ya zo bara, ko yarinya mai talla, ko mai kwasar shara, nauyin kai shi asibiti da biyan kuɗin yana kan mai kare. Ba shi 'yan kuɗi a ce ya je ya sayi magani zalunci ne da zai iya ƙarewa da rai, domin yaron ba zai san abin da ke jikinsa ba sai bayan wata biyu, a can tsangayarsu, inda babu wanda zai danganta ciwon da ƙofar da aka cije shi.

Wasu za su ce a garin da mutane ke kwana da yunwa, kashe kuɗi a kan allurar kare da abincinsa almubazzaranci ne. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, amma inda take kaiwa shi ne kada a ajiye karen tun farko, ko a ajiye ɗaya maimakon huɗu, ko a zaɓi na gida maimakon na ƙetare. Ba ta kaiwa ga a ajiye shi a yi masa rowa, domin allurar da aka hana kare talakan da ke wucewa ta ƙofar ne zai biya kuɗinta da jikinsa. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, wanda ba zai iya ɗaukar wannan tsawon ba ya ƙara fitila da waya da maigadi na biyu. Kuma in ya tsufa ko aka gaji da shi, kai shi bayan gari a yar ba mafita ba ce, ƙara wa titi kare marar allura ne. Dandaƙa da cire mahaifa a hannun likita suna rage yawo da faɗa da 'yan kwikwiyon da ba a san yadda za a yi da su ba.

Mai gidan da ya karanta wannan alhali karensa ya riga ya girma a keji, kada ya tashi gobe ya buɗe masa cikin yara. Ya fara da kiran likitan dabbobi, na gwamnati ko mai zaman kansa, a yi wa karen allura, a duba ko akwai ciwon da ke ƙara masa zafin rai. Daga nan maigida ya riƙa zuwa bakin kejin tare da maigadi a lokacin abinci, ya tsaya gefe ba tare da ƙura masa ido ba, ya zama daga hannunsa naman ke fitowa. Bayan an ɗauki makonni ana haka, a fito da shi da igiya da takunkumi a baki, maigadi na riƙe, maigida na tafiya a gefe, sannan a sauya hannu. Manya su riga, yara su zo a ƙarshe. Karen da bayan watanni na wannan ƙoƙari har yanzu yake kai wa 'yan gida hari, ko wanda ya taɓa yi wa mutum mummunan rauni, bai dace da gidan da ke da yara ba, a zauna da likita a yanke shawarar inda za a kai shi.